Fawa bankin tada mota: yadda na same shi a titunan Legas

Mai mota otomatik a Legas ya kamata ya mallaki wannan 'yar na'ura, amma ba kowace iri ba. Ina nufin ƙaramin fawa bankin nan mai wayoyi biyu, ja da baƙi, da ake maƙalawa a kan batirin mota ya tada ta. Tun daminar bara nake yawo da nawa a Corolla ƙirar 2010 mai injin 1.8, kuma ya biya kuɗinsa.

Mota mai giyar hannu in batirinta ya yi sanyi, samari su tura, ka saki kuloci, ta kama. Otomatik kuwa turi ba ya tada ta, ga shi yawancin tokunbo, wato motocin hannu da ake shigo da su daga waje, da muke saya otomatik ne. A Agege ko Idi-Araba da sauƙi, ba za ka rasa wanda zai juyo da motarsa ya ba ka wuta ba. Amma a ce ta mutu maka a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, da sassafe kowa na sauri. Wa zai tsaya? Kuma garin nan yana cin batir. Kana cikin gosulo, AC a kunne, fitilu a kunne, waya a caji, inji na silo, altaneta mai cajin batir ba ta mayar da wuta sosai. Zafi ma yana rage masa kwana.

A kasuwar kayan mota ta Ladipo na saya, ko da yake akwai su a kasuwar Alaba da kuma intanet. Wanda mai shago ya fara miƙo min bai fi waya girma ba, an rubuta 99,800mAh da 3000A ɓaro-ɓaro a kwali. Ya ce, "Alhaji, wannan ko tirela zai tada." Na ɗaga shi a hannu, sakayau. Lissafin ba wuya: batiran cikin waɗannan na'urori bolt 3.7 ne, don haka 20,000mAh na gaskiya ya kama kusan 74Wh (mAh da Wh duk ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne). Abin da suka rubuta a wancan kwalin zai kai kusan 369Wh, kuma batirin lithium mai wannan ƙarfi ya kamata ya haura kilo ɗaya da rabi. Saboda haka ka nemi lambar Wh a bayan na'urar, sannan ka auna nauyinta da hannunka. In babu lambar kwata-kwata, ajiye musu kayansu.

Lambar amfiya, wato irin 3000A ɗin nan mai nuna ƙarfin wutar da za ta saki, ita ma haka take. Wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe ƙarfin ƙiftawar ido ce, ba abin da na'urar za ta iya riƙewa yayin da kik ke juya inji ba. Ma'aunin da na yi amfani da shi shi ne NOCO GB40, wani fawa bankin tada mota da aka sani a duniya: 1000A aka rubuta masa, kuma kamfanin ya ce ya isa injin fetur har lita 6, na dizal har lita 3. To in 1000A na gaskiya ya isa haka, me Corolla za ta yi da 3000A na ƙarya?

Abin da ya sa na ɗauki nawa ba lamba ba ce, wayoyinsa ne. Masu kauri ne, kilif ɗin kuma haƙoransa na tagulla ne, in ya ciji kan batir sai ka sa ƙarfi kafin ka cire. Na wancan mai arha, ƙarfe ne siriri da aka shafa wa launin tagulla, da farce ma ka kankare sai fari ya fito. Duk ƙarfin da ke cikin na'ura ta nan zai bi, in hanyar ta yi ƙanƙanta sai waya ta yi zafi mota kuma ta ƙi tashi. Sannan akwai ɗan akwati a jikin wayar da ke yin ƙara ya nuna jar wuta in an juya ja da baƙi, ya hana wuta wucewa. Kada ka sayi wanda ba shi da wannan, kwamfutar mota ta fi na'urar tsada nesa ba kusa ba.

Gwajin da ya fi gamsar da ni ba a motata aka yi ba. Wata rana mun fito sallar asuba, wani dattijo maƙwabcina ya murɗa makullin Sienna ɗinsa, ko ƙyas. Yara sun bar fitilar ciki a kunne tun jiya da yamma, ga shi zai je Mile 12 tarbar kaya. Na ce, "Baba, a buɗe min bonet." Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ɗana, wannan ɗan abin ne zai tada injin silinda shida?" Kan batirin duk farin gari, sai da na goge da tsumma na murza kilif ɗin ya kama ƙarfe sosai. Ja a kan mai alamar +, baƙi a kan mai alamar −. Akwatin ya yi ta ƙifta wuta, bai ba da kore ba, domin batirin ya mutu murus har na'urar ba ta gane an jona ta ba. A nan ne maɓallin tilas ke aiki, wanda ke sakin wuta ko da bai ji batir ba. Sai dai yana kashe kariyar nan, don haka na sake duba ja da baƙi kafin na danna. Baba ya murɗa, inji ya ɗan ja numfashi ya kama. Na cire wayoyin nan take. Na'urori da yawa masu arha ba su da wannan maɓalli, kuma ranar da ka fi buƙatarsu ranar za su ƙi aiki.

Yana da nasa aibu. Wayoyin gajeru ne, in batirin motarka yana lungu sai ka rasa inda za ka ɗora shi. Cajinsa na da jinkiri, ga halin wutarmu. Fitilu huɗun da ke nuna yawan caji ba abin dogara ba ne, in ya sauko biyu ƙarfinsa ya ragu sosai, shi ya sa nake cika shi bayan kowane amfani, in ya daɗe a ajiye kuma duk wata biyu ko uku. Zafi ma abokin gabansa ne. Motar da ta wuni a rana a rufe tanda ce, lithium kuma yana kumbura, saboda haka a jakata yake kwana. Wannan ya jawo wata matsalar: da an ɗauke wuta yara sun san inda yake, su zuƙe shi da cajin waya.

Ka kuma sani tada mota kawai yake yi, ba ya gyara batir. In kullum da safe sai ka ciro shi, ka je wajen rewaya, mai gyaran wutar mota, ya sa mita. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe, in tana kunne kuma tsakanin 13.8 da 14.4. In mota na kunne ya nuna ƙasa da haka, a duba altaneta. Masu manyan motoci na Apapa kuma, yawancinsu bolt 24 ne, wannan na bolt 12 ba nasu ba ne, komai mai shago zai rantse.