Awa huɗu a jirgin filafili daga Obhur: sharhi kan hidimar da kuma wayoyin jigo

Ranar Asabar da ta gabata ni da ƙanina muka shiga wani jirgin filafili na haya da ke tashi daga mashigin Obhur, arewa da Jidda. Kuɗin ya yi yawa a kan tafiyar awa huɗu, amma ban yi da-na-sani ba, domin matuƙin ya san sana'arsa kuma ba ya rowar bayani.

Tun kafin a kwance jirgin na tambaye shi abin da ya sa aka ɗaure jigon, wato dogon sandan da ke riƙe filafili, wanda Larabawa ke kira sari, da wayoyin ƙarfe gaba da baya da kowane gefe, alhali ƙananan jiragen tsere irin su Laser jigonsu a tsaye yake babu waya ko ɗaya. Sai ya ce, "Alhaji, taɓa wannan ka ji." Na kama wayar gaba, na ji ta tamau kamar tsirkiyar baka. Ya bayyana mini cewa wayoyin ne ke ɗaukar ƙarfin iska, jigon kuma aikinsa kawai ya jure dannawar da suke yi masa zuwa ƙasa, shi ya sa ake iya yin sa siriri, dogo, marar nauyi. Jigon da ba shi da waya dole gindinsa ya yi kauri kamar kututturen dabino, kuma duk nauyin da aka ƙara a sama yana sa jirgi ya ƙara karkata.

Dalilin da ya fi gamsar da ni a cikin ruwa na gan shi. Iskar wannan yanki na Bahar Maliya galibi daga arewa maso yamma take busowa, saboda haka da muka nufi arewa sai da muka riƙa saran iskar hagu da dama. Filafilin gaba a jikin wayar gaban da na taɓa yake rataye, kuma muddin ta saki, bakinsa zai lanƙwashe, jirgin ya kasa tunkarar inda iska ke fitowa. Kamfanin Freedom na Amurka ya taɓa ƙera manyan jirage marasa waya, ya fara a 1976, suna da sauƙin sarrafawa, amma a irin wannan tafiya mai waya ya fi su.

Wayoyin ma suna da nasu aibin, tunda ƙusa ɗaya idan ta karye jigon gaba ɗaya na iya faɗowa, ga shi gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, yana cin ƙarfe ba sani ba sabo. A nan ne kamfanin hayar jirgin ya gaza: na ga tsatsa ja a gindin wayar gefen dama, daidai inda ake murɗa ta, matuƙin kuma ya ce ya sanar da ofis tuntuni ba a zo an duba ba. Wanda zai je ya leƙa gindin wayoyin kafin ya biya, ya kuma tafi da hula, domin rumfar jirgin mutum uku kaɗai take ɗauka.