Farantin sanyi na Peltier, abin da na gani da ganyen hatsi

Masu tambayata labarin estaj ɗin da na je yi Faransa, tun da na dawo Damagaram abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, ɗan farantin sanyin nan na cikin mikroskop na elektron irin ESEM.

Mikroskop na elektron ɗin da aka saba iska ake zuƙewa tas daga cikinsa, in ka sa ɗanyen ganye nan take zai yamutse kamar zogalen da aka shanya. Shi ESEM yana barin tururin ruwa a ciki, farantin kuma aikinsa ya riƙe sanyi. Gurbin ɗora samfur bai wuce tsabar dala ashirin ba. Farantin sunan Peltier gare shi, Bafaranshen nan mai sana'ar agogo da ya gano a 1834 cewa in kuran ya ratsa mahaɗar ƙarfe biyu daban gefe ɗaya sanyi yake yi ɗayan zafi. Amfanin sanyin shi ne, a digiri 20 sai matsin tururi ya kai paskal 2300 (paskal ma'aunin matsi ne) kafin ganye ya daina bushewa, hoto kuma ya dushe saboda yawan tururin, amma a digiri 2 kusan 700 ya isa.

Irin hatsin Mirriya na shuka can na yanko ganyen. Wallahi ranar da na ga 'yan ƙofofin numfashinsa a jere, cike fam ba su motse ba, sai da na yi shiru. Na ƙara tururi kaɗan sai ga raɓa tana tsatsafowa ɗigo ɗigo kan ganyen ina kallo, na rage ta ɓace.

Amma fa yana da wuyar sha'ani. Samfur uku na ɓata tun wajen zuƙe iskar farko kafin mai kula da labo ya nuna min in ɗiga ruwa a gefen faranti. In samfur ya yi kauri kuma, sanyin da injin ke nuna maka na ƙasa ne, saman ya fi ɗumi, to yanka shi siriri ya kwanta sosai. Ka daɗe kana haska wuri ɗaya ma ƙonewa yake.

Abin da ke damuna shi ne bayan farantin sai ruwa yana zagayawa kullum yana kwashe zafi, a nan garin da watan Afrilu muke wuce digiri 40 ga kuran yana ɗaukewa, duk labon da zai sayo shi ya fara tanadin sola da ɗaki mai kilim tukuna.