Baƙin mai 5W-40 a tsohuwar Hilux mai turbo

Bidanji huɗu a jere na yi da man sintetik 5W-40 (lambar da ke nuna kaurin mai ke nan), mai shaidar ingancin Turai ta ACEA A3/B4 a jikin galan, cikin Hilux mai injin gazuwal 2KD, lita 2.5, wadda ta haura kilomita dubu 300. Man ya cancanci kuɗinsa, amma ga wanda zai cika masa sharaɗinsa.

A garejojin Maradi an saba cewa tsohon inji sai mai kauri, 20W-50. Ga inji marar turbo zancen na da ƙanshin gaskiya. Turbo kuwa, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, sandarsa na juyawa fiye da sau dubu 100 a minti, kuma man nan ne ke shafa ta yana sanyaya ta, ta wani siririn bututu. Da asubar hunturu mai kauri kan yi nawa kafin ya isa can, sandar ta fara juyi ba isasshen mai. Da 5W-40 fitilar mai na mutuwa nan take, ƙarar inji ma ta fi laushi. A zafin Afrilu, bayan doguwar tafiya kan hanyar Zinder, ban ga ya tsinke ba.

Aikin kansa ba ya buƙatar gareji. Ka ɗumama inji minti biyar, ka kwance kusar kaskon mai da kile 14, ka bari ya tsiyaye sosai. Sabuwar filta a shafa wa robarta mai, a ɗaure da hannu kawai. Zoben kusar a canza shi kowane lokaci. Injin na ɗaukar kusan lita 7, amma ka fara da 6 da rabi, ka tayar, ka kashe, ka jira kaɗan sannan ka duba sandar awo. Kada ya wuce layin sama.

Sharaɗin shi ne bidanji duk kilomita dubu 5, ko da mai sayarwa ya rantse maka zai kai dubu 10. Ƙurarmu da gazuwal na bakin hanya ba su san wannan alkawari ba. Kuma in ka iso daga Konni ko Tasawa da gudu, kada ka kashe inji nan take. Ka bar shi yana aiki a tsaye minti biyu, in ba haka ba man da ya rage cikin turbo ya dahu ya zama gawayi, ya toshe bututun.

Inda man ba ya da ta cewa shi ne ƙura. Ɗan uwa, ka buɗe tiyon da ya taso daga filtar iska zuwa turbo, ka shafa yatsa a ciki. In ya fito da jan gari mai laushi, to ƙura na wucewa, ko ta filtar da aka huda da iskar mai faci, ko ta maɗaurin da ya saki. Ita ce ke cinye bakin fukafukan turbo har su yi kamar tsohuwar wuƙa. Inji a kashe, ka kama sandar turbo da yatsu biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin fukafukai ba su taɓa bango, amma in tana shiga tana fita, turbo ya kusa mutuwa. Danshin mai a tiyon ba abin tsoro ba ne, sai in ya taru.

Abu na biyu da ba zai gyara ba: zobban jan ƙarfe da ke ƙarƙashin injekta, masu fesa gazuwal cikin inji. In sun gaji, hayaƙi na kutsawa cikin mai, ya daskare ya toshe rariyar da famfo ke tsotso mai ta cikinta, turbo ya rasa rabonsa. Ranar bidanji ka haska tocila ta ramin kusar ka dubi rariyar. In ta yi baƙin datti, wannan aikin makaniki ne, kada ka jinkirta.

Aibin man nan biyu ne. Ya fi na gama-gari tsada, kuma da yake yana wanke datti yakan tona tsohon yoyon da dauɗa ta ɓoye, don haka ka riƙa duba sandar awo duk mako. Jabu ma ya yi yawa a kasuwa. Galan da hatimin murfinsa ya motsa, ko man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka, ka bar wa mai shi abinsa.