Kwana ɗaya a Las Casas, garin da aka tsinto gidajensa daga garuruwan wasu

Bikin kammala karatun ƙanina ne ya kai ni Manila, babban birnin ƙasar Filifin, shi ne kuma ya dage sai mun je Las Casas Filipinas de Acuzar kafin in koma gida. Ni da farko ban so ba. Mutumin da ya taso yana ganin ganuwar Kano da Gidan Makama ba ya rawar jiki don an ce masa ga tsoffin gidaje, balle da na ji kuɗin ɗakin. Na ce mu je da safe mu dawo da yamma, tunda akwai tikitin yini. Ya ce, "Yaya, in ba kwana za mu yi ba, gara mu bari." Yaron ya fi ni gaskiya, ko da yake ban faɗa masa ba sai a hanyar dawowa.

Wurin yana garin Bagac, a lardin Bataan, bakin teku ta yamma. Daga Manila tafiyar kusan awa uku ce a mota, in Allah ya taimake ka ka fita daga cunkoson birnin da wuri. Mu ba mu fita da wuri ba, domin direban da muka yi shata ya zo a makare, ya kuma tsaya cin abinci a hanya kamar shi ya ɗauko mu kyauta. Muka isa rana ta take.

Ga abin da wurin yake. Wani attajiri mai kamfanin gine-gine, José Acuzar, wanda suke kira Jerry, shi ya fara sayen tsoffin gidajen zamanin mulkin Sifaniya tun wajen 2003. Ba ya barin su inda suke. A warware gida katako-katako, dutse-dutse, a sa wa kowane yanki lamba, a loda a mota, a kawo Bagac a sāke tayar da shi. A 2010 aka buɗe wa jama'a. Yanzu gari ne guda: tituna na shimfiɗaɗɗen dutse, dandali, coci, gadoji, ga kogin Umagol ya ratsa tsakiya yana gangarawa teku. Yawancin gidajen kuma suna ɗauke da sunan garin ko unguwar da aka ɗauko su, Casa Lubao, Casa Candaba, Casa Quiapo, haka dai.

Ɗakin da muka kama yana cikin jerin ginin da suka kira Paseo de Escolta, wanda kwaikwayon wani tsohon titin kasuwanci ne na Manila. Wannan sabon gini ne da aka yi wa tsohuwar shiga, kuma ya fi sauƙin kuɗi; masu hali su ne ke kama tsohon gida sukutum. Gado mai faɗi, zanin gado fes, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ruwan zafi akwai. Ba ni da abin cewa a nan. Buta ce kawai na yi dabarar yi da gorar ruwa, kamar yadda kowane matafiyinmu ya saba.

Zagayen gidajen da ƙafa ake yi, da ɗan jagora, kuma a ƙofar kowane gida sai an cire takalmi. Abin ya burge ni, sai ka ce za ka shiga turakar dattijo. Amma ni da wautata na sa takalmi mai igiya. Kafin gida na huɗu na gaji da sunkuyo, ƙanina da silifas ɗinsa yana ta yi mini dariya. Wanda zai je, ya sa abin da zai zare da ƙafa ɗaya, ya riƙe hula da ruwa, domin zafin can mai ɗanɗano ne, gumi kamar an watsa maka ruwa.

Irin ginin suna ce masa bahay na bato, wato gidan dutse, ko da yake ƙasan ne kaɗai dutse ko bulo, saman katako ne. Ƙasa ce mai girgiza da guguwa, katako kuwa yana lanƙwasawa ya dawo inda dutse zai tsage. A ƙasa ake ajiye keken doki da kaya, iyali suna sama. Abin da ya fi tsayar da ni tagoginsu ne. Ba gilashi, ɓawon wata kumbar teku ne mai suna capiz, an yanka shi ƙanana an jera cikin katako. Haske yana shigowa a tace, fari-fari kamar nono, ba ya dukan ido. Ƙarƙashin babbar taga akwai ƙarama mai zamewa don iska ta shigo ta wajen ƙafa, saman bangon ɗaki kuma an yi sassaƙa mai huda-huda don iskar ta wuce ɗaki na gaba. Na tsaya a falon wani gida da tsakar rana, ba fanka ba komai, iska na kaɗa mini riga. Magina na dā sun san rana, ko a ina suke.

Jagorarmu yarinya ce mai ladabi, kowace magana sai ta ƙare da "po", kalmar girmamawarsu. Ta nuna mana Casa Quiapo, inda makarantar zane-zane ta Jami'ar Filifin ta fara zama, da Casa Byzantina, gida mai hawa uku daga unguwar Binondo wanda aka gina a 1890, ya tsufa har iyalai marasa galihu da dama suka cika shi kafin a ɗauko shi. Na tambaye ta ina waɗannan mutanen suka koma. Ta yi murmushi, ta ce mu wuce gida na gaba. Ban matsa ba, ba ita ta saya ba.

Amma tambayar ta bi ni har dare, kuma ita ce ƙashin bayan abin da zan ce game da wurin. Masu kishin kayan tarihi a Filifin sun daɗe suna jayayya a kai. Wasu na cewa gida da garinsa abu ɗaya ne, in ka cire shi ka bar wa mutane fili da labari. Wasu na cewa da a bar shi gara da ruwan sama su cinye, ko a rushe a gina kanti, gara a ɗauke. Rigimar da ta fi tashi ita ce ta gidan Alberto na garin Biñan, wanda ke da alaƙa da Teodora Alonso, mahaifiyar gwarzonsu José Rizal da Sifaniyawa suka harbe a 1896. A 2010 aka fara warware shi, mutanen garin suka tashi suka ce ba su yarda ba. Abin da ke Las Casas yanzu da sunan Casa Biñan sāke gini ne da wasu sassan na asali. Ni dai na kasa yanke hukunci ɗaya. Ina kallon katakon da aka ceto sai in tuna sorayen cikin birni da na ga damina ta kwantar, aka zuba bulon siminti a gurbinsu. Namu na ƙasa ne, ko attajiri ya so ba zai loda shi a mota ba. Amma kuma gari ne da babu 'yan gari, ba tsohuwa a bakin ƙofa, ba yaro da aka aika. Kowa a ciki ko baƙo ne ko ma'aikaci.

Akwai gidan da ban zaci gani ba: torogan, gidan sarautar Maranao, Musulmin yankin Lanao a tsibirin Mindanao. Yana tsaye kan manyan kututture, kawunan katakonsa sun fito waje da sassaƙa mai lanƙwasa. A tsakiyar gidajen Sifaniyawa da coci, sai na ji kamar na haɗu da ɗan uwa a tasha.

Wajen ƙarfe biyar masu tikitin yini suka fara watsewa, nan ne kuɗina ya fara dawowa. Muka hau kwale-kwalen da ke zagaya kogin, aka kunna fitilu, gidajen suka kwanta cikin ruwa a juye. Muka wuce Hotel de Oriente, kwaikwayon otal ɗin da aka buɗe a Binondo a 1889. Da magariba ta yi na duba alƙibla a waya, sai ta nuna mini yamma, wajen da rana ke nutsewa cikin teku. Shekara arba'in da wani abu ina cewa "duba gabas", yau ga ni na ba gabas baya. Ƙanina ya ce shi ma sai da ya yi wata guda kafin jikinsa ya yarda.

Maganar abinci, a yi hattara, kuma wannan halin ƙasar ne baki ɗaya: naman alade yana cikin girki da yawa, har inda ba ka zata ba. Kalmar da za ka riƙe ita ce "baboy". Ka ce "walang baboy", wato ban da alade, ka kuma tambayi man da aka soya abin da shi. Ma'aikatan sun saurare mu ba tare da ƙosawa ba. Muka ci gasasshen kifin bangus da miyar sinigang ta jatan lande, mai tsamin tsamiya, wadda harshen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba. Da safe soyayyiyar shinkafa da tafarnuwa, ƙwai, da mangwaron da har yau ina tuna shi. Farashin na wurin shaƙatawa ne, kuma gari da ɗan nisa, don haka a shigo da guzuri a aljihu.

Bayan sallar asuba na fita ni kaɗai. Ba kowa sai mai shara da wani doki da ake ɗaura wa keke. Raɓa a kan duwatsu, tsaunuka a baya, ƙarar teku a gaba. Na zauna a matakalar wani gida kusan awa guda, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Wanda ke da ƙananan yara ko ciwon gwiwa, ya sani wurin da faɗi kuma dutsen titin ba ya raga wa ƙafa, sai dai a riƙa hawa motar da ke zagayawa ciki. A guji watannin ruwa daga Yuni zuwa wajen Nuwamba, lokacin guguwa ne. A hanyar fita mun tsaya a alamar kilomita sifili da ke cikin Bagac, ɗaya daga wurare biyu da sojojin Japan suka fara kora fursunonin yaƙi, 'yan Filifin da Amurkawa, a ƙafa cikin Afrilun 1942, tafiyar da dubbai suka mutu a cikinta. Minti goma ya isa, amma kada a wuce ta.

Zan koma in na samu hali, kuma kwana zan sāke yi. Sai dai wannan karon zan fara biyawa ta Biñan, in ga gidan da mutanensa suka hana a ɗauka.