Yawon baƙar tasi a Belfast: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Ɗalibai da 'yan kasuwarmu na Garwa, Marwa da Njamena da tafiya ke kaiwa Birtaniya kan tambayi wannan yawon na Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, wato zagayen unguwannin da aka yi rikici tsakanin Katolika da Furotesta. Yana biya, amma rabin armashinsa na hannun direba.

Tasin kan ɗauki mutum biyar zuwa shida, yawon kuma kamar awa ɗaya da rabi. Kuɗin kowane kai ake lissafawa, da mafi ƙarancin da za a biya, don haka mutum ɗaya ya fi jin jiki. Fam ake karɓa, ba yuro ba, kuma bizar Schengen da aka saba nema ta Faransa ba ta shigar da kowa nan. Sai ta Birtaniya.

Za a bi da ku Falls Road, unguwar Katolika, inda zanen Bobby Sands yake, fursunan nan mai fafutukar haɗewa da Ireland wanda ya mutu a 1981 bayan kwana 66 yana yajin cin abinci. Daga nan sai Shankill Road ta Furotesta, inda har dakalin bakin titi an shafe shi da ja, fari da shuɗi. Tsakaninsu katangar Cupar Way ce, tsayinta ya haura mita 8. Kada ku yarda a wuce Bombay Street, titin da aka ƙone a Agustan 1969: bayan gidajen da ke jingine da katangar an rufe shi da ragar ƙarfe saboda jifa. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a 1998, bayan mutuwar mutum kusan 3,500, gwamnati ta yi alkawarin rushe katangun kafin 2023, amma ga su nan tsaye, kuma har gobe ana kulle wasu ƙofofin da dare. Wanda ya san yadda Njamena ta rabu kudu da arewa bayan yaƙin 1979 ba zai sha mamaki ba.

Matsalar ita ce kowane direba ɗan wani ɓangare ne, kuma da bakin ɓangarensa yake ba da labari. Ku tambaye shi tun farko inda ya tashi, ba ya jin haushi. Nagari zai fayyace muku cewa rigimar ta zama da Birtaniya ce ko haɗewa da Ireland, addini alama ce kawai ta gane ɗan wane gida. Turancinsu kuwa da sauri yake, mai Faransanci zalla zai sha wuya, sai ya tafi da tafinta.

Ku kama na safe, kafin a rufe ƙofofi. Ku guji 11 da 12 ga Yuli, lokacin da 'yan Furotesta ke ƙona tulin katako da maci. Rigar ƙwallon Celtic (ta ɓangaren Katolika) ko ta Rangers (ta Furotesta) da aka tsinta a gwanjo kuma, a bar ta a jaka, don can tuta ce.