Haworth: ƙauyen ya yi, amma tudun da ke bayansa ne ya biya kuɗin jirgi

Ƙanena da ke karatu a Bradford ne ya matsa lallai sai mun je Haworth, lokacin da na kai masa ziyara a ƙarshen watan Agusta. Ni dai ban ga dalili ba. Na ce masa mu da muka tashi a ƙauye, wane ƙauye kuma za a nuna mana a Ingila? Ya ce, "Yaya, ka dai sa takalmin kirki." Na yi kunnen uwar shegu, na zura farin kambas ɗina.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Keighley. Kar ka karanta sunan yadda aka rubuta shi, kusan "Kisli" mutanen garin ke cewa. A tashar nan dai muka sauya zuwa wani tsohon jirgi mai cin kwal yana fitar da tururi. Layin duka mil 5 ne. An buɗe shi a 1867, aka rufe a 1962, sai masu sa-kai suka farfaɗo da shi a 1968, kuma har yau su ne ke tafiyar da shi. Dattijon da ya huda mana tikiti, da hularsa da agogon aljihu, kana ganinsa ka san son abin ne ya fito da shi, ba albashi ba. Idan ka leƙa ta taga ƙurar kwal za ta faɗa maka a ido, na kuwa leƙa, ta kuwa faɗa. Na ji daɗin tafiyar sosai. A dai duba jadawali kafin a fito, don ba kullum jirgin ke tashi ba.

Tashar Haworth a ƙasan kwari take, ƙauyen kuwa yana can bisa. Babban titinsa shimfiɗaɗɗun duwatsu ne, ga tsayi kamar ana hawan Dala, gidajen dutse da hayaƙin masaƙu ya baƙanta tun da can sun jeru hagu da dama. Akwai kyau, ba zan hana shi ba. Sai dai yawancin shagunan na 'yan yawon buɗe ido ne: kofuna, katuna, sabulai masu ƙamshi, alawa a kwalba. Minti 30 ya ishe ka. A wani shagon shayi muka jira har na fara gyangyaɗi, aka kawo shayin ya huce, kuɗin kuma ba ya wasa. Mai kiyaye halal ya sani cewa a wannan yanki na Yorkshire wasu masu suyar kifi da dankali da kitsen shanu suke suya, don haka a tambaya. Mu da guzurinmu muka zo daga Keighley, inda masallatai da shagunan halal ba su da wuyar samu.

A saman titin, bayan cocin, akwai gidan da ya sa duniya ta san Haworth. Nan limamin coci Patrick Brontë ya tare da iyalinsa a 1820, nan 'ya'yansa mata uku, Charlotte da Emily da Anne, suka yi rubuce-rubucensu. Littafin Charlotte, Jane Eyre, da na Emily, Wuthering Heights, duk a 1847 suka fito. Yanzu gidan tarihi ne, ana biyan kuɗin shiga. Ni ba ma'abocin adabin Turawa ba ne, amma na daɗe a gaban wasu 'yan littattafai da suka ɗinka da hannu tun suna yara, kowanne bai wuce kwalin ashana da yawa ba, rubutun ƙanana kamar sawun tururuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da tagar gidan ke kallo: maƙabarta, kabari kan kabari. Wani jami'i mai suna Babbage da ya binciki tsaftar garin a 1850 ya gano cewa yara fiye da 40 cikin 100 ba sa kai shekara 6, kuma matsakaicin shekarun mutuwa bai kai 26 ba. Ruwan sha gurɓatacce, ga maƙabartar a saman tudu, mutane a ƙasanta. Shi kansa Patrick sai da ya ga mutuwar 'ya'yansa shida duka kafin tasa ta zo a 1861. Emily shekara 30 ta yi, Anne 29. Da na fito na sake kallon titin nan mai shagunan alawa, sai na ga ya sauya mini.

Daga bayan cocin wata siririyar hanya ta fita, kuma a nan ne ranar ta fara. Cikin 'yan mintuna gidaje sun ɓace, ka faɗa abin da suke kira moor. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, ba gona, kusan ba bishiya, sai wani gajeren tsiro mai kauri da ke rufe ƙasa, wanda a Agusta yake fure ruwan shuni-shuni har iya ganinka. Tumaki masu kaurin gashi suna kiwo ba makiyayi, ba sanda, sai katangun dutse da aka jera ba siminti suna raba filayen. Wani tsuntsu mai kama da makwarwa ya tashi fir daga gabana yana ƙara, saura kaɗan in zube. Iska kuwa ba ta hutawa. Mun fito da rana, kafin awa ɗaya yayyafi ya jiƙa mu, ya wuce, rana ta dawo kamar ba ita ba.

Ƙasar wurin baƙa ce, ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru, tana riƙe ruwa kamar soso. An shimfiɗa manyan duwatsu a wuraren da suka fi caɓi. Na kauce wa dutse sau ɗaya tak don in ɗauki hoto, ƙafata ta nutse har idon sawu. Farin kambas ya koma kalar daddawa. Ƙanena bai ce uffan ba, dariyar da yake dannewa ta isa.

Magangarar ruwan da ake ta zuzutawa, wadda aka laƙaba wa sunan Brontë, ƙarama ce ƙwarai. Wanda ya taɓa ganin Gurara zai tsaya yana tambayar ina take alhali yana gabanta. Amma wurin zama ne mai daɗi, da 'yar gadar dutse. Da ruwan rafin muka yi alwala, sanyinsa har cikin haƙora, muka shimfiɗa rigar ruwa muka yi Azahar. Masu wucewa suka ratsa gefe, ba wanda ya tsaya kallo.

Daga nan sai hawa zuwa Top Withens, kangon gidan gona da ke mil 3 da wani abu daga ƙauyen. Allunan nuna hanya har da rubutun Japananci, saboda yawan baƙin da ke zuwa daga Japan. Mutane na cewa shi ne gidan da ke cikin littafin Emily, amma wani allon dutse da aka manna a bangon a 1964 ya faɗi gaskiya: ginin bai yi kama da wanda ta siffanta ba, wataƙila dai yanayin wurin ne ta ɗauka. Hakan ya burge ni. Muka zauna a jikin bango muna cin guzuri, ba ƙarar mota, sai iska da kukan tumaki.

Zuwa da dawowa ya ci mana kusan awa 4, babu shago, babu ban-ɗaki a hanya. Mai ciwon gwiwa ko mai ƙananan yara ya tsaya a magangarar ruwan ya juyo. Da zan sake zuwa, da sassafe zan fara da tudun, in bar gidan tarihin zuwa yamma, shagunan kuma in wuce su. Jirgin ƙarshe da kyar muka same shi, na shiga da takalmi a leda, safa a hannu.