Omega Constellation na 1966: yadda ya yi da ni a hunturu da damina

Agogo ne mai kyau ƙwarai, amma ba zan ba kowa shawarar sayensa ba sai na tambaye shi ko yana da mai gyara. Wanda yake hannuna Omega Constellation ne mai lamba 168.005, na farin ƙarfe, da inji mai lamba 564 a ciki. Lambar da aka buga a jikin injin ta faɗa cikin miliyan 24, abin da ke nuna an ƙera shi wajejen 1966. Na ɗaura shi ya ga hunturu, ya ga bazara, ya ga damina, don haka ina ganin zan iya faɗin wani abu a kansa.

Kamfanin Omega, wanda ke garin Biel a Suwizalan, ya fara fitar da Constellation a 1952, kuma tun farko abin da ya sayar shi ne daidaito. Kowane inji sai an kai shi ofishin gwaji na hukuma, an gwada tafiyarsa a kwance, a tsaye, a kife, cikin zafi da sanyi, kafin a yarda a rubuta shaidar hakan a fuskarsa. A bayan agogon akwai tambarin ɗakin duban taurari da taurari 8 a samansa. Wannan tambarin shi ne abu na farko da nake dubawa a duk wanda aka miƙo mini, domin idan an sha goge agogo da injin goga don ya yi ƙyalli, taurarin ne ke fara shafewa. Nawa duk takwas ɗin suna nan, kana jin tudunsu da farce.

Fuskar ce ke jan mutane. Tsakiyarta a shimfiɗe take, sannan gefen ya gangara ta kusurwa 12, kowace awa da tata, saboda haka haske ba ya zama wuri ɗaya a kanta. A inuwa fara ce kawai, ka fito rana sai ta rarrabu, wani gefen ya yi duhu wani ya yi haske. Hoto ba ya kama wannan. Faɗinsa milimita 34 ne, wato ƙarami a idon mutanen yanzu da suka saba da 40 zuwa sama, har wani ɗan'uwana ya tambaye ni ko na uwargida na aro. Ni kuwa ƙanƙantar ce ta yi mini, don yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya kama maɓalli ba. Na zaɓi na farin ƙarfe saboda hukuncin zinare ga namiji. An yi wasu na zinare zalla, wasu kuma an lulluɓe su da shi, har ma na ƙarfen akan samu 'yan sandunan awa na zinare a fuskarsu. Wannan kowa ya tambayi malaminsa.

Ba ya cin batir. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin da'ira da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure sifirin ɗin da ke tafiyar da komai. In ya cika, yana kai kusan awa 50 a ajiye, wato ka cire shi ranar Juma'a da dare ka same shi da rai safiyar Lahadi. Idan ya tsaya, sai a yi masa wani da hannu kaɗan a ɗaura. Injin yana bugawa sau 19,800 a awa, yana da duwatsun yaƙutu na haɗi guda 24 a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Ranar wata kuwa, abin da ya bambanta 564 da yayansa 561 ke nan: a nan sai ka ja maɓallin gefe har ƙarshe, kwanan wata ya tsallaka ɗaya, ka mayar ka sake ja. A 561 sai ka yi ta kai da kawo da tsinkayen agogo a kan sha biyun dare. Ina yin wannan jan a hankali, kuma ba na taɓa shi idan tsinke ya kusa tsakar dare, lokacin da haƙoran kwanan wata suke a sarƙe.

Da ya iso, yana tafiya amma yana gaba da fiye da minti ɗaya a rana, duk da wanda ya sayar mini ya ce bai daɗe da yin sabis ba. Mai canza batir na bakin titi da na fara nuna wa ya ɗauko 'yar wuƙa zai ɓanɓare bayan, alhali murfin na murɗawa ne. Na karɓe abuna. Daga baya aka kwatanta mini wani dattijo a Kano wanda ya koyi sana'ar tun kafin agogon batir ya cika kasuwa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kashe fanka, ya maƙala gilashin dubawa a ido, sannan ya sa mabuɗi mai haƙora ya murɗe murfin. Injin ya bayyana da launin jan gaci, rabin da'irar nan tana lilo da kanta. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Malam, injin nan lafiyarsa lau, ƙishin mai yake ji," in ji shi. "Wanda ya ce maka an yi masa sabis, ɗiga masa mai kawai aka yi a kan datti."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

"A wargaza shi gaba ɗaya, a wanke, a haɗa. Kuma ba aikin yau da gobe ba ne, kada ka dame ni da waya."

Haka aka yi. Ya canza sifirin da robar murfi, ya cire maganaɗisun da ya kama siririn gashin da ke daidaita bugu, wanda shi ne ya sa agogon gudu. Tun daga nan yana gaba da sakan 6 zuwa 8 a rana a hannuna. Ma'aunin da COSC, hukumar gwajin daidaiton agogo ta Suwizalan, ke amfani da shi a yau shi ne kada ya yi baya fiye da sakan 4 ko gaba fiye da 6, don haka tsohon agogo mai shekara kusan sittin da ya tsaya a bakin wannan layin bai ci amanar rubutun da ke fuskarsa ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne kuskurensa iri ɗaya ne kullum. Ina daidaita shi da waya ranar Juma'a, shi ke nan. Wayar kuma ba na kwantar da shi a kanta da dare, domin maganaɗisun lasifikarta na iya mayar da hannun aikin Baba baya.

Ruwa ne babbar matsala. Ko da sabuwar roba, tsohon agogo ba abin amincewa ba ne a gaban famfo, musamman ta wajen maɓallin gefe, kuma mu masu alwala ne sau biyar. Dole a cire, a sa a aljihu, a idar a mayar. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka ban ɗauki wannan laifin agogon ba, amma yana gajiyarwa, kuma yawan cirewa da mayarwa a tsaye kan siminti shi ne hanyar da agogo ke faɗuwa. A watan Agusta na ga ɗan gumi ya taru ta cikin gilashi bayan na fito daga ofis mai sanyi. Ya baje da kansa, amma Baba ya ce kada a bari ya zama ɗabi'a, tsatsa ba ta sallama. Ƙurar hunturu ba ta shiga ciki ba, sai dai tana taruwa a gindin maɓalli har ya yi tauri. Madaurin fata kuwa bazara ɗaya ta gama da shi, gumi ya cinye shi ya bar wari. Faɗin wurin madaurin milimita 18 ne, ba ya wuyar samu, na koma sarƙar ƙarfe. Nawa ba shi da abin da ke haske a duhu, don haka da asuba ba ya amfana mini komai. Gilashin na roba ne, yana karcewa da sauƙi, yana kuma gogewa da sauƙi. Idan na asali ne, akwai ɗan mitsitsin tambarin Omega a tsakiyarsa da ba a gani sai an karkata shi ga haske.

Kasuwar tsofaffin agogo cike take da haɗe-haɗe: fuskar wannan, injin wancan, gidan wani daban. Fuskar da aka sake wa fenti ita ta fi yawa, kuma tana zubar da darajar agogo sosai ko da ta fi ta asali sheƙi. Rubutun asali siriri ne, haruffansa daidai suke, na sabon fenti yakan yi kauri ko ya ɗan karkace. Kafin in biya sai da na sa aka turo mini hoton injin da na cikin murfi, inda lambar 168.005 take, na kwatanta su da juna. Mai sayarwar da ya ƙi buɗe baya, a bar masa kayansa. Kada kuma a ɗauka ƙananan masu saye kaɗai ake yi wa. A Nuwamban 2021 an yi gwanjon wani agogon Omega samfurin Speedmaster a Jeneba kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan 3, kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa, sai a 2023 ya bayyana cewa haɗa shi aka yi daga sassan agogo daban-daban.

Masu cewa jari ne, ban goyi bayansu ba a kan irin wannan. Mutane sun ji an sayar da agogon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman dala miliyan 17.8 a 2017, sai kowa ya ɗauka agogon da ke cikin akwatin mahaifinsa gida ne da mota. Constellation an ƙera shi da yawa, farashinsa yana motsi ne a hankali, kuma kuɗin sabis duk bayan shekara biyar ko makamancin haka yana cinye ɗan abin da ya ƙaru. Ga dala, ga kuɗin kawowa, ga kayan gyaran da sai an yi odar su daga waje a jira. Wanda lokaci kawai yake so, Casio ya fi shi daidai nesa ba kusa ba. Tun da Seiko ya fitar da Astron mai batir a Disamban 1969 aka gama wannan gardamar. Wanda kuma yake sha'awar agogo mai inji amma bai shirya wa ɗawainiya ba, ya fara da Seiko 5 ko tsohon Rado irin wanda alhazai suka riƙa kawowa tsaraba. Sun fi juriya, kuma masu gyaranmu sun san cikinsu.

Abu ɗaya ya rage mini a kan nawa. Maɓallin gefen da ke jikinsa na Omega ne amma na canji, zagayayye, alhali na asalin mai kusurwa 10 ne. Na asalin ya fi kyau, sai dai santsi gare shi a yatsa, kuma tsohuwar robar cikinsa ba ta tare ruwa kamar ta sabon. Baba ya ce in bar wannan a jiki, idan na samu na asalin in ajiye shi a ambulan saboda ranar sayarwa. Na sa a nemo mini, amma farashin da aka faɗa mini ya kusa rabin kuɗin sabis, don haka na ce a dakata tukuna.